Fijon Baba: Abin da Muka Goge, da Abin da Muka Bari

Fentin da ke jikin mota, idan aka haɗa shi tun daga shafen farko da ke manne da ƙarfe har zuwa launin da ido ke gani, da kaɗan ya ɗara kaurin takardar littafi guda. Masu awo suna ƙirga shi da maikiron, wato a raba milimita ɗaya gida 1,000 a ɗauki ɗaya. Takarda tana kaiwa maikiron 100. Fentin da mota ke fitowa da shi daga kamfani yakan tsaya tsakanin 100 da 150, ko kusa da haka. Wannan 'yar fatar ce kaɗai ke tsakanin ƙarfe da tsatsa. Kuma duk lokacin da aka ɗora mata injin goge don ta yi sheƙi, wani abu ake ragewa daga jikinta, abin da ba zai dawo ba har abada.

Ba don Fijon Baba ba, da ba mu taɓa damuwa da wannan lissafi ba.

Fijo 504 ce, shuɗiya mai duhu, haɗin Kaduna. Wanda bai kai zamaninta ba zai yi mamakin yadda dattawa ke ambatonta kamar suna ambaton wani aminin da ya rasu. A Faransa aka fara ƙera ta a 1968, shekara ta zagayo aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai, a 1975 kuma ta lashe tseren Safari na ƙasar Kenya, inda laka da ramuka ke karya motoci. A wannan shekarar ce kamfanin Fijo na Kaduna ya fara haɗa motoci. Faransawa sun daina yin ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har bayan shekarar 2000. Ita ce motar hakimi, motar sakatare, ita ce kuma motar haya daga Kano zuwa ko'ina.

Baba ya sayi tasa a 1982 da rancen mota, yana malamin gona. Lokacin aikin noman rani na kogin Kano yana tashe: an gama madatsar Tiga a 1974, an kafa Hukumar Hadeja-Jama'are a 1976, ruwa ya biyo manyan kwatoci ya iso Bunkure, Kura da Kadawa. Daga gidanmu a Madobi yake fita bayan asuba, ya bi gefen kwata yana duba fangalin alkama da tumatir, sai magariba mu ji kukan injinta daga nesa. Ta girmi dukanmu in ban da Yaya. Ita ta kai Inna asibiti a haihuwar kowannenmu, ita kuma ta kai yayyenmu mata uku ɗakin mazajensu.

Yanzu shekara shida ke nan Baba bai riƙe sitiyari ba, idonsa ya yi rauni. Motar tana cikin rumfa, ana tayar da ita ranar Juma'a. Da aka sa ranar auren Auta, sai ya ce abu ɗaya yake so: motar da ta kai 'yan'uwanta, ita za ta kai ta. Nan magana ta tashi, don shuɗin ya riga ya koɗe ya koma ruwan toka. In ka shafa bonet sai tafin hannunka ya taso da gari kamar alli.

Yaya bai ɓoye ra'ayinsa ba. A kai ta Kano, a kankare, a fesa sabon fenti, kwana goma an gama. Kuma yana da hujja. Ƙasan ƙofar baya ya fara kumbura, cikin but ɗin ma tsatsa ta ci, don taki ya sha zuba a wurin, taki kuwa ba ya ga maciji da ƙarfe. Inda fenti ya ƙare, goge ba ya magani. Ya kuma ce mana, "Ku kun saba zama gaban kwamfuta. Ranar biki dangin ango ba tarihi za su kalla ba, mota za su kalla."

Gaskiya ne, sana'armu rubuta manhaja ce, kuma daga can muka taho da tsoronmu. Duk wanda ya yi aiki a kan tsohuwar manhaja ya san sabon ma'aikacin da zai duba ta kwana biyu ya ce a rushe a sake sabuwa. Sai an rushe ake gane cewa kowane layi mai muni da ke ciki an sa shi ne don wata matsala da ta taɓa faruwa, wadda kowa ya manta. Amma mu a wurin aiki muna da rangwame. Akwai Git, wanda ke ajiye kowane sauyi da aka yi, in abu ya lalace a koma yadda yake jiya. Jikin mota ba shi da jiya. Fentin da ma'aikatan Kaduna suka fesa a 1982, in an kankare shi, an kankare ke nan.

Ba mu kaɗai ke wannan tunani ba. Masu tara tsofaffin motoci a duniya sun daɗe suna cewa sau ɗaya mota ke zama ta asali. A babban bajekolin Pebble Beach na Kalifoniya a Amurka, inda aka saba ba wa motocin da aka sabunta fes kambu, a 2024 wata Bugatti ta 1934 ce ta zo ta ɗaya, da tsohon fentinta da tabonta. Mun nuna wa Yaya hoton a waya. Ya duba ya ce ita wannan ba ta taɓa ɗaukar taki ba. A ƙarshe aka raba gardama: inda tsatsa ta ci, fanalbita ya yanke ya gyara ya fesa daidai wurin, sauran jikin a bar mana mako biyu. In ba ta yi ba, a bi maganar Yaya.

Abu na farko awo ne. Mun samo 'yar na'urar auna kaurin fenti, mai aiki da maganaɗisu, muka zana hoton motar a takarda muna rubuta lamba a kowane sashe. Ƙofofi da sauran ƙwarinsu. Rufi da bonet, waɗanda suka sha ranar Kano shekara 40 da ɗoriya, sun yi ƙasa ƙwarai. Madigadin gaba na hagu kuwa lambarsa ta ninka ta sauran sau da yawa, alamar akwai cikon fanalbita a ƙarƙashi. Da muka tambaya, Baba ya yi dariya ya ce saniya ce, a hanyar Kadawa, shekarar da aka hana shigo da alkama. Wato 1987. Babu ɗayanmu da ya taɓa jin labarin.

Kafin a fahimci goge, sai an fahimci sheƙi. Ka tsaya bakin kwata da sassafe kafin iska ta taso, za ka ga sama da bishiyoyi a cikin ruwa, don fuskar ruwan a shafe take, haske na komawa ta hanya ɗaya. Iska na kaɗawa hoton ya watse. Haka fenti yake. Rana tana ƙona samansa ya zama gari, ƙurar hunturu kuma, wadda akwai ɓarɓashin yashi a cikinta, tana zana masa dubban ƙananan layuka duk sanda aka kaɗe ta da busasshen tsumma, kamar yadda ake yi wa kowace mota a nan. Man goge kuwa ba cike layukan yake yi ba. Wani lallausan gari ne a cikinsa da ke cin fentin da ke kewaye da zanen har ya sauko daidai da gindinsa. Kamar manomi ne ya ga rami ɗaya a fangalinsa, ba shi da ƙasar cikewa, sai ya kwashe saman fangalin gaba ɗaya har ya yi daidai da ramin. In ramin ƙarami ne, ba laifi. In mai zurfi ne, garin neman gira a rasa ido.

Shi ya sa masu aikin ke da gwajin farce: ka ja farcenka a kan zanen, in ya maƙale, ya fi ƙarfin goge, ka bar shi.

Mun wanke ta da bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraye soso, da ruwan burtsatse, don ruwan kwata yana ɗauke da laka. Omo ba ya cikin lissafi, yana busar da fenti ya kwashe duk wani kakin da ke kai. Ɗigon kwalta muka bi shi da ɗan kananzir. Muka liƙe robobi, ƙarafan ado da duk wata kusurwa da salatif na takarda, saboda a kan kaifin kusurwa fenti ya fi siranta, nan inji ke fara hudawa. Injin ma iri biyu ne. Akwai mai juyawa wuri ɗaya kamar garanda, mai sauri, mai zafi, wanda sakan kaɗan na sakaci ya isa ya ƙone fenti. Akwai mai juyawa yana karkarwa, wanda ba ya tara zafi wuri guda. Na biyun muka ɗauka, da soso mafi laushi da man da ya fi sauƙin ci, muka fara gwaji a wuri ɗan ƙarami a kan murfin but.

Daga asuba zuwa hantsi muke aiki, a inuwar rumfa, bayan mun yayyafa wa ƙasa ruwa don ƙura ta kwanta. Janareto na gefe yana ruri. Wucewar farko, farin soson ya rine shuɗi kamar an tsoma shi a marina. Motocin yanzu suna da wani shafe garai a saman launi, shi ake gogewa, soso ba ya rinewa. Na tsohuwar Fijo launin ne a waje tsirara. Inna ta leƙo ta ga soson ta riƙe haɓa: "Yanzu ku motar kuke cinyewa?" Ba ta yi kuskure ba. Amma da muka share wurin da ƙyalle, sai ga wani shuɗi mai zurfi da ba mu taɓa gani a jikinta ba, shuɗin da Inna ta sani tana amarya. Ta yi shiru, ta koma ciki.

Wannan shuɗin ba baƙo ba ne a yankinmu. Kura, maƙwabciyarmu, ta yi suna tun ƙarni na 19 da turkuɗi, rinannen yadin da Buzaye ke naɗawa, wanda fatake suka riƙa kaiwa har cikin Sahara. Sheƙinsa a mabuga ake samo shi: a barbaɗa shuni, a ɗora yadin a kan gungume, a yi ta bugu har fuskarsa ta kwanta ta riƙa ɗaukar ido. Su ma sun san sheƙi daga lallausar fuska yake fitowa, sun kuma san akwai bugun da in an ƙara shi yadi zai yage. Gwanintar mabugi tana wurin sanin inda zai tsaya.

Mu ma nan aikin ya fi wuya. Kowane sashe muka gama sai mu sake awo. Ƙofofi sun ɗauki wucewa biyu. Rufi sau ɗaya muka bi shi, a hankali, muka ɗaga hannu alhali muna ganin sauran layuka. Zuciya tana cewa ƙara kaɗan, takardar awo tana cewa a'a. A kan murfin but akwai wasu zane-zane masu lanƙwasa, sawun kwandunan tumatir da aka riƙa ɗaurewa zuwa Kwanar Gafan a shekarun da albashi ya daina isa. A gefen ƙofar direba akwai inda launin ya sirance, daidai inda Baba ke ɗora gwiwar hannu. A ƙofar baya akwai wani dogon layi a miƙe, tsayin ƙugun yaro, wanda har yau ba a san wanda ya ja shi da ƙusa ba, kodayake Yaya yakan sauya magana in an zo wurin. Duk waɗannan farce ya maƙale a cikinsu. Mun tausasa bakinsu kawai, muka bar su.

Bayan ragi sai ƙari. Fentin da aka goge sabuwar fata ce, in an bar shi haka rana za ta koma kansa. Kakin mota na gaske daga ganyen wata bishiya mai kama da giginya ake samunsa, karnuba, a arewa maso gabashin Birazil, inda bishiyar ke lulluɓe ganyenta da shi don kada rana ta ƙafar da ita. Sai zafi ya haura digiri 80 yake narkewa, shi kuwa kakin zumanmu tun wajen 63 ya sake. Da hannu muka shafa shi, siriri ƙwarai, muka jira ya yi hazo-hazo, sannan muka share da tsabtataccen ƙyalle. Da muka watsa ruwa sai ya dunƙule ya gangara kamar a kan ganyen gwaza. Kakin ba ya daɗewa, a zafinmu in ya yi wata biyu ya yi ƙoƙari. Amma amfaninsa ke nan: shi ne zai riƙa ƙarewa a madadin fenti. Mun rubuta wa yaran gida doka a bangon rumfa: kada a share ta a bushe, kada a sa mata Omo, kada inji ya sake hawa rufinta.

Yaya ya zo ranar da muka gama. Ya zagaya ta sau biyu, ya tsaya a ƙofar baya ya daɗe, ya ce fitila ɗaya ba ta kamawa, a duba kafin Asabar. Bai sake tayar da maganar fenti ba.

Baba kuwa sheƙin bai isa idonsa sosai ba, sai dai ya ce yana ganin haske inda da yake ganin duhu. Ya miƙa sandarsa ga jikansa, ya ɗora tafin hannu a kan bonet, ya bi jikinta a hankali. Ya wuce madigadin saniya, ya wuce wurin gwiwar hannunsa. Da ya isa murfin but yatsunsa suka faɗa cikin sawun kwanduna, ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Waɗannan ba su fita ba?"

"Mun bar su ne, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Da waɗannan aka biya kuɗin makarantarku. Allah Ya yi muku albarka. Ku nuna wa Auta kafin ta shiga."