Taku Ko Motsi? Neman Kalma Ga Darar Kwamfuta

Ran nan aka ba ni aikin bayyana wa masu karatu yadda kwamfuta ke buga darar Turawa, watau ces. Na ɗauka aikin yini guda ne. Ashe kalma ɗaya ce za ta tsaya mini, har na yi ta juya ta a rai tun daga Abuja, cikin cunkoson Mararaba, zuwa gidana a Masaka.

Ga yadda abin yake. Kafin na'ura ta zaɓi abin da za ta buga, sai ta fara jera duk abin da take iya bugawa. A farkon wasa hanyoyi 20 ke gaban mai fararen 'ya'ya. A tsakiya kuwa, bisa ƙiyasin Claude Shannon a 1950, sukan kai wajen 30. Da irin wannan jeri ne Deep Blue ta riƙa duba zaman 'ya'ya iri miliyan 200 cikin daƙiƙa guda sa'ad da ta ka da Garry Kasparov a 1997.

To, me za mu kira kowace hanya ɗaya? Da fari na rubuta "motsi". Wani dattijo maƙwabcina, gwanin dararmu ta gida mai gurbi 30, ya ce, "Ɗana, motsi ai na wanda sauro ya ciza ne. Ɗan dara taku yake yi." Na soke, na sa "taku".

Wuyar tana gaba. Masu tsara manhajar ces hanya biyu suke bi. Waɗansu sukan jera duk takun da ya dace da tafiyar kowane ɗa, ko da zai bar sarki a bakin ci, sa'an nan su tace daga baya, domin ya fi sauƙin tsarawa. Waɗansu kuwa tun farko ba su jera kome sai wanda doka ta yarda. Abokin aikina ya ce in kira su "haram" da "halal". Na ƙi, domin jerin farko galibinsa daidai ne, tantancewa ce kawai ba a yi masa ba, kuma kalmomin nan biyu sun fi ƙarfin wasa. Na tsaya kan "takun zato" da "tabbataccen taku".

Dattijon ya karɓi na biyu. Na farkon kuwa har yanzu yana cewa ɗan dara ba ya taku da zato, ga shi kuma shafin zai tafi maɗaba'a ran Alhamis.