Bayan nas ma baya ne: zare kan ciwon ƙugu da motsa jiki mai haɗawa da hankali

1/
Zaren yau na ciwon baya ne, amma ba na tsofaffi ba. Na nas-nas ne, waɗanda ke juya mara lafiya, su ɗaga shi, su gyara masa shimfiɗa, sannan su koma gefe suna dafe da ƙugu ba wanda ya kula. Da ɗan tsawo, ku gyara zama 🧵

2/
Ni ɗalibar aikin jinya ce, aji huɗu. Duk asibitin da aka tura mu fostin, abu ɗaya ba ya canjawa. Buɗe jakar sistar da ta shekara goma a aiki, za ka ga diklofenak, ko man zafi, ko bel ɗin ɗaure ƙugu. Wata ma duka ukun.

3/
In ka tambaya sai a ce ai aikin ne ya gaji haka. Wata metiron ta taɓa ce mana, tana dariya: "'Yan mata ku mori bayanku, aro aka ba ku." Kowa ya dara. Ni kam maganar ta tsaya min, don a gidanmu akwai mai irin wannan bayan.

4/
Yayata ce. Shekararta 9 a ɗakin tiyata na maza. Ba ta kai 35 ba, amma an yi lokacin da sallah a zaune take yi, goyon ɗanta ma ya gagara. Har ta fara zancen ajiye aikin. Kuma da albashin nan ake biya min kuɗin makaranta. Kun ga dalilin da na bi maganar nan da gaske.

5/
Mu fara da ma'ana. Ciwon ƙasan baya shi ne wanda ke tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman mazaunai. In ya wuce wata 3 ya zama mai naci. WHO ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ke fama da shi a duniya, kuma ana hasashen 843 zuwa 2050. Shi ne kan gaba wajen hana mutane aikinsu.

6/
Abin da zai ba ku mamaki: kusan kashi 90 cikin 100, in an bincika ba a samun wata cuta takamaimai da za a nuna a ce ga ta. Ba karaya, ba kansa, ba ƙwayar cuta. Amma ciwon na nan, kuma na gaske ne.

7/
Me ya sa nas? Cibiyar lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ba da shawarar kada nauyin da mutum ɗaya zai ɗauka a jikin mara lafiya ya wuce kilo 16, shi ma in komai ya daidaita. To ku auna da Baba mai kilo 75 da aka yi wa aiki jiya, ba ya iya ko gyara kwanciya.

8/
Ƙara da gadon da ba ya hawa ba ya sauka. Sa kanula a sunkuye, wankin ciwo a sunkuye, ƙarin ruwa a miƙe. Ga dutin dare. Na ga daren da sista biyu ke riƙe da ɗaki guda cike fal, har da na ƙasa a kan katifa.

9/
Kuma hannun raguwa yake. A farkon 2024 hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya ta ce sama da nas 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Marasa lafiya dai ba su ragu ba. Nauyin ya koma kan ƙugun waɗanda suka rage.

10/
Yanzu ga ɓangaren da aka fi mantawa: ƙwaƙwalwa. Ciwo ƙararrawa ce, jijiyoyi su kai saƙo, ƙwaƙwalwa ta yanke ko akwai haɗari. In ciwo ya daɗe, ƙararrawar kan lalace. Kun san motar nan ta unguwa da ko akuya ta goge ta sai ta hau ihu? To haka.

11/
Rashin barci, damuwa da fargaba duk suna ƙara wa ƙararrawar nan ƙarfi. Nas kuwa a cikinsu take kwana: mara lafiya ya rikice ƙarfe 3 na dare, dangi na faɗa, albashi bai shigo ba. Ba ana cewa raya ciwon take ba fa. Jiki ne ke ɗaurewa, naman baya ya ƙi saki.

12/
Daga nan sai tsoro ya shigo. Ka daina sunkuyawa, ka daina tafiya, kana lallaɓa bayan kamar ƙwai. Naman ya yi rauni, ya sandare. Ranar da dole ta sa ka ɗaga wani abu, ciwon ya ninka, tsoron ya ƙaru. Haka ake ta zagaye.

13/
Yaya ta yi hoton MRI, aka ce faifan da ke tsakanin ƙasusuwan ya ɗan turo. Ta yi kuka, ta ɗauka shi ke nan. Amma wani nazari na 2015 da ya tattara hotunan mutanen da ba sa jin ciwon komai ya samu irin wannan turowar a kashi 30 na 'yan shekara 20, da kashi 84 na 'yan 80. Kamar furfura ce ta ciki.

14/
To mene ne motsa jiki mai haɗawa da hankali? Abu uku ne a lokaci ɗaya: motsi a hankali, numfashi mai tsari, da tattara hankali kan abin da jiki ke ji. Yoga daga Indiya, taici daga Sin, Pilates da wani Bajamushe Joseph Pilates ya tsara, duk 'yan gida ɗaya ne ta nan.

15/
Yana yi kuwa? A 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta ce mai ciwon baya mai naci ya fara da abin da ba magani ba, ta lissafo motsa jiki, yoga, taici da horon natsuwa. In waɗannan ba su isa ba, sannan a zo ga ƙwaya.

16/
A 2016 mujallar JAMA ta buga gwajin mutum 342. Waɗanda suka yi horon natsuwa na sati 8, mai haɗe da yoga mai sauƙi, kusan kashi 60 sun samu sauƙin gudanar da harkokinsu bayan wata shida. Waɗanda suka ci gaba da kulawar da aka saba, kashi 44.

17/
A Boston kuma, 2017, an gwada mutum 320, galibi masu ƙaramin ƙarfi. Aji ɗaya na yoga a sati, sati 12, bai gaza zuwa wajen fisiyo ba wajen rage ciwo da dawo da aiki.

18/
Sannan a Disamba 2023 WHO ta fitar da jagoranta. Ta goyi bayan motsa jiki mai tsari da wayar da kai. Ta ce kada a riƙa dogaro da bel ɗin ƙugu, ko jan baya da na'ura, ko magunguna dangin tramadol. Eh, bel ɗin nan na jakar sista.

19/
Kada dai mu zuzuta. Sauƙin matsakaici ne, kuma in an gwada yoga da sauran motsa jiki, bambancin kaɗan ne. Fifikonsa ga nas shi ne ba ya son kayan aiki, ba ya son fili, kuma yana taɓa gajiyar jiki da ta zuciya tare.

20/
Na san wani zai ce "yoga ba bautar Hindu ba ce?" Asalinta a addinan Indiya yake, wannan gaskiya ne. Abin da fisiyo ke koyarwa kuwa miƙa gaɓoɓi ne da numfashi, ba kirari ba ambaton kowa. In zuciyarka ba ta kwanta da sunan ba, bar shi, ɗauki motsin. Mai shakka ya tambayi malaminsa.

21/
Ga abin da wata fisiyo a wajen aikinsu ta tsara wa Yaya. Minti 15 bayan asuba, a kan tabarma, kafin yaro ya tashi. Ni ma na bi ta, don a lokacin ina hutu a gidanta.

22/
Na farko: kwanta rigingine, gwiwa a lanƙwashe, hannu a ciki. Ja numfashi ta hanci har cikin ya taso, ka sake shi a hankali, fitar ta fi shigar tsawo. Minti 3. Hankali zai gudu wajen kuɗin cefane, ka dawo da shi kan numfashi ba tare da faɗa ba.

23/
Na biyu: a haka, manna ƙugu da ƙasa, ka saki, sau 10. Sai ka jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji, numfashi biyar, ka canja. Sai ka ɗaga mazaunai sama kamar gada, ka sauke ƙashi bayan ƙashi.

24/
Na uku: rarrafe. Ka gantsare kana jan numfashi, ka tankwara bayan sama kamar kyanwa ta fusata kana fitarwa. Sai ka miƙa hannun dama da ƙafar hagu tare, ka riƙe daƙiƙa 5, ka canja. Ƙarshe ka zauna kan dugadugai, goshi ƙasa, hannu a miƙe, ka huta.

25/
Ƙa'idar da fisiyon ta nanata: ɗan jin jiki ba laifi. Ciwo mai harbi zuwa ƙafa, ko wanda ya ƙaru ya kwana biyu bai sauka ba, to a rage a kuma dawo mata. A bakin aiki kuma, duk ta samu sarari, ta dafa ƙugu ta ɗan karkata baya sau biyar, ta yi numfashi uku kafin ta ɗaga kowa.

26/
Sati biyun farko ba abin da ya canja, har tana min tsiya wai na sa ta rarrafe da girmanta. Wajen wata biyu ta koma ruku'u a tsaye. Ciwon bai tafi gaba ɗaya ba, yana leƙowa bayan dare mai nauyi. Amma yanzu ta san zai sauka, ba ta firgita.

27/
Diklofenak ɗin kullum ya koma na jefi-jefi. Wannan kaɗai riba ce, don mu da kanmu muke gaya wa marasa lafiya cewa yawan shan irinsa na jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda. Maganar barin aiki kuma ban sake jin ta ba.

28/
Muhimmi ⚠️ Akwai ciwon bayan da ba na tabarma ba ne. Fitsari ko bayan gida ya ƙwace ko ya ƙi fita, tsakanin cinyoyi ya mutu, ƙafa na rasa ƙarfi: asibiti yanzu yanzu. Zazzaɓi, rama, zufar dare, ko ciwo bayan faɗuwa: ga likita. Tarin fuka na kama ƙashin baya, kuma a nan yankin ba baƙo ba ne.

29/
Kuma don Allah kada wani shugaban asibiti ya ga zaren nan ya ce to ku je ku yi numfashi. Numfashi ba ya zama nas ta uku a ɗaki. A ƙara ma'aikata, a gyara gadaje masu hawa da sauka, a samar da zanen zamar da mara lafiya. Motsa jiki namu ne, wannan kuma naku ne.

30/
Masu jinyar 'yan uwa a asibiti: in kun ga sista za ta juya Baba, ku tashi ku kama, za ta nuna muku inda za ku riƙe. Ƙato na zaune yana danna waya, mace ɗaya na fama da mahaifinsa, wallahi ba tsari.

31/
'Yan ajinmu da ƙannenmu masu tasowa: kada mu jira sai mun sayi bel. Minti 15 ne. Kuma neman mai kama maka ɗaga mara lafiya ba ragwanci ba ne, ko da sista ta harare ka.

32/
Nas-nas da fisiyo da ke nan, me ya yi muku aiki? Ku ajiye mana a ƙasa mu ƙaru. Ku tura wa wata sista da kuka san tana dafe ƙugu. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya kuma duba masu duba su. 🤲🏾