Tambayar Kakata a Filin Jirgin Bauchi

Ran da muka raka kawuna filin jirgin sama na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Durum zai tafi aikin Hajji, kakata ta dube ni ta ce, "Maigida, kai ne ɗan jami'a, me ke riƙe wannan ƙarfe a sama?" Ɗanta na ciki, hankalinta ya ƙi kwanciya. Na buɗe baki, sai Turanci ke zuwa. Kunya ta rufe ni, ni da nake nazarin Hausa.

Wani dattijon bakanike da ke gefenmu ne ya fisshe ni. Ya ce, "Iya, injin zuƙar iska yake ta gaba, ya matse ta, ya gauraya ta da mai dangin kananzir, wuta ta kama. Sai ta feso ta baya da ƙarfi, jirgin ya yi gaba. Fukafukan kuwa danna iska suke ƙasa, ita kuma ta tallafe su."

"Ashe shirwa ce," in ji kakata, ta yi ajiyar zuciya.

Ranar na gane Hausa ba ta gaza ba, ni ne ban san abin ba. 'Yan'uwa ɗalibai, kafin mu zauna ƙirƙirar kalmomin kimiyya, mu fara leƙa garejin makanikai.