Yaron da Bai Taɓa Shurin Ƙwallo Ba

A wajen mai tsire muka fara haɗuwa da shi. Wata rana da almuru, ina ɗan shekara goma sha biyu, Baba ya aike ni bakin tasha, aka ƙunso mini tsiren a cikin wata tsohuwar jaridar Turanci. Da aka gama ci aka ce in yar da takardar, sai idona ya faɗa kan wasu 'yan hotuna a jere, maiƙo da yaji sun ci rabinsu. Ga wata yarinya ta durƙusa ta dafe ƙwallo da yatsa. Ga wani yaro mai kai kamar ƙwarya ya sheƙo a guje zai shura. Can ga shi a sama ƙafafu a miƙe, sa'an nan ga shi kwance rigingine, yarinyar kuwa tana riƙe da ƙwallonta. Turancina a lokacin bai taka kara ya karya ba, amma na yi dariya har Inna ta leƙo ta ce, "Kai, lafiya?"

Sai daga baya, a tarin tsofaffin littattafan da ake kasawa a kasuwa, na san sunan yaron Charlie Brown, yarinyar kuma Lucy, labarin nasu kuwa Peanuts, wato gyaɗa. Wanda ya ƙago su shi ne Charles Schulz, mutumin Amurka, wanda aka haifa a jihar Minisota a 1922. Ubansa mai aski ne, shi ya sa uban Charlie Brown ma ya zama mai aski. Zanen ya fara fita ran 2 ga Oktoba, 1950, a jaridu bakwai kacal, a ƙarƙashin sunan da kamfanin rarraba shi ya zaɓa, sunan da Schulz bai taɓa ƙauna ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Sannu a hankali ya bazu zuwa jaridu fiye da 2,600 a ƙasashe 75. Cikin shekara kusan hamsin mutumin nan ya zana jeri 17,897 da hannunsa, ba mataimaki, har lokacin da hannun ya soma rawa, rawar tana bayyana a jikin zanen.

Abin da ya fara ɗaure mini kai, ni da na tashi da tatsuniya a bakin Kaka, shi ne irin tauraron da ya zaɓa. Gizonmu mai wayo ne. Yakan yaudari kura, ya damfari zaki, ko an kama shi sai ya sulale, mu kuwa muna ta shewa. Charlie Brown shi ne wanda ake yi wa wayon. 'Yan wasan da yake shugabanta kullum kashi suke sha. Yana son wata yarinya mai jan gashi, amma ko sallama ya kasa yi mata. Karensa ma, Snoopy, wanda ke kwana a kan rufin ɗakinsa maimakon ciki, ya fi shi farin jini. In baƙin ciki ya ishe shi, ba shi da wurin kai kuka sai rumfar shawara da Lucy ɗin nan ta kafa, inda take karɓar kwabo biyar na kuɗinsu ta ƙara masa da baƙar magana. Babu babba ko ɗaya da ake gani ya zo ya raba gardama. Yara ne kawai da duniyarsu.

Shi ƙwallon nan irin na Amurkawa ne, mai siffar ƙwai, wanda sai wani ya tsayar da shi kafin a shura. Tun daga 1952 Lucy take riƙe masa shi, kuma kusan kowace kaka sai an maimaita: ta zo da sabon alkawari, ya yi jayayya, ta lallashe shi, ya sheƙo, ta janye. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. To, me za a kira wanda ke komawa rami ɗaya shekara da shekaru? Da farko wawa na ɗauke shi, kuma dariyar da na yi a kan takardar tsire dariyar mugunta ce.

Ban daina wannan dariya ba sai da abin ya zo kaina. Sau uku ina zama jarrabawar shiga jami'a, sau uku ina dawowa hannu rabbana. A karo na uku Kawu ya kira ni zaure ya ce, "Ɗana, boko ba na kowa ba ne. Ga rumfata a kasuwa, zo ka kama sana'a tun da sauran ƙarfinka." Wallahi gaskiya ya faɗa mini, kuma don ƙauna ya faɗa. Daren nan barci ya ƙaurace mini, na jawo wani yagaggen littafin Peanuts don in rage dare. Sai na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba: yaron nan ya san halin Lucy sarai, yakan ma faɗi abin da za ta yi tun kafin ta yi. Wawa shi ne wanda bai san da ramin ba. Shi kuwa ya sani, amma ya auna ya ga zafin faɗuwa ya fi masa sauƙi a kan ya zama mutumin da ya yanke ƙauna.

Kada mai karatu ya zaci Schulz ya yi wa mai haƙuri alkawarin wadata. A 1979 Charlie Brown ya kwanta asibiti, tsoro ya kama Lucy har ta yi alkawari in ya warke ba za ta sake janyewa ba. Ya warke, ta cika alkawari, ya sheƙo, ya kuskure ƙwallon ya shuri hannunta. A karo na ƙarshe kuma, cikin Oktoban 1999, an kira Lucy cikin gida, ta bar wa ƙanenta Rerun riƙon ƙwallon. Da ta tambaye shi yadda aka ƙare, ya ƙi gaya mata, mu ma aka bar mu a duhu. Ba da jimawa ba ciwon daji na hanji ya tilasta wa Schulz ajiye alƙalami. Ya rasu ran 12 ga Fabrairu, 2000, washegari zanensa na bankwana ya fito a jaridun Lahadi.

Wannan rashin alkawari shi ne ya yi mini magani. Masu zuwa yi mini jaje kowa cewa yake baɗi zan ci, alhali kuwa ba wanda ya san gaibu sai Allah. Zanen nan kaɗai ya ƙi yi mini daɗin baki. Ya nuna mini mutum yana iya faɗuwa har abada bai zubar da mutuncinsa ba, muddin ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. Na ba Kawu haƙuri, na riƙa tsare masa rumfa da rana, ina karatu da dare. A karo na huɗu Allah ya nufa. Da bai nufa ba, ina jin da na koma na biyar.

Mu ɗaliban adabi akwai darasi a nan. Shekaru da yawa Schulz yana tsare kansa a 'yan akwatuna huɗu a ranakun mako: shimfiɗa, sarƙaƙiya, tsayawa, sa'an nan saukewa. Wannan tsimin kalmomi shi ne muke yabawa a karin magana da kacici-kacici. Saboda haka bai kamata mu raina labarin zane da cewa wasan yara ne ba. Ya cancanci nazari kamar yadda muke nazarin zube da wasan kwaikwayo, kuma harshenmu yana da barkwancin da zai ɗauki irinsa.

Takardar tsiren nan tana nan har yau a cikin ƙamusuna, maiƙonta ya ratsa shafi biyu. Duk lokacin da jarrabawa ta ƙarato nakan buɗe in dube ta. Allah ya sa mu dace, amin.