Rabi ta ga teku a Wida

Ƙasar Nijar ba ta da teku. Yara da yawa ba su san shi ba sai a taswira, inda ake shafa masa shuɗi a ƙasan takarda. Amma ƴan kasuwa sun san hanyarsa. Tun da daɗewa suke kai albasa da wake da dabbobi kudu, su komo da kaya iri-iri.

Kawu Illa yana cikin waɗannan ƴan kasuwa. Mutumin Galmi ne, sana'arsa albasa. A hutun ƙarshen watan Maris na 2018, lokacin da ake cire albasa, ya roƙi mahaifin Rabi ya bar ta ta raka shi Kwatano, a ƙasar Benin. Rabi shekararta goma sha biyu, kuma tana karatu da hausa da faransanci. Kawu ya ce: "Ni na iya ciniki, ita ta iya karatu. In mun haɗu, babu inda za mu ɓata."

Albasa ta yi gaba a kamiyo, su kuma suka bi ta a motar fasinja. Sun wuce Ƙonni da Dogonduci da Doso. A Gaya suka ƙetare kogin Kwara bisa gada, suka shiga Malanbil. Daga nan sai Kandi, sai Paraku, sai Bohikon. Tafiyar ta fi kilomita 1000. Ko'ina suka matsa gaba, itatuwa na ƙara tsawo, iska na ƙara laima. A Kwatano suka sauka a unguwar Zango, inda ake jin hausa kamar a gida.

Da Kawu ya gama ciniki, sai ya ce za su tafi yawon buɗe ido. Suka hau mota zuwa Wida, wani tsohon gari da ke yamma da Kwatano, tafiyar kilomita 40. Garin ba shi da hayaniya. Titunansa na jar ƙasa ne, da manyan itatuwa masu inuwa. Akwai tsofaffin gidaje masu bene, masu tagogin katako, an shafa musu ja da rawaya. Baƙi daga Turai da Amurka suna ta ɗaukar hoto.

Suka sami wani saurayi mai yi wa baƙi jagora. Faransanci yake yi, don haka aikin tafinta ya faɗa kan Rabi. Ya fara kai su ɗakin mesa, wanda ke fuskantar babbar coci. Masu addinin gargajiya na garin suna girmama mesa, ba su kashe ta. Waɗannan ƙananan mesa ne, ba su da dafi. Jagoran ya ɗauko ɗaya, ya ce ko Kawu zai rataya ta a wuya. Kawu ya ja da baya da sauri, ya ce: "Ɗiyata, gaya masa na gode. Kowa da al'adarsa." Rabi ta yi dariya har da hawaye.

Daga nan suka je wani babban gida mai farar katanga. Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1721, kuma yana hannunsu har 1961, shekara ɗaya bayan ƙasar ta sami ƴancin kai. A ciki Rabi ta ga tsofaffin bindigogi da sarƙoƙin ƙarfe. Ta tambayi jagoran ko na dabbobi ne. Ya ce a'a, na mutane ne.

Nan fassara ta fara yi wa Rabi nauyi. Jagoran ya ce Wida tana cikin manyan kasuwannin bayi na Afirka ta Yamma. Sarki Agaja na Dahome ya ci garin da yaƙi a 1727. Sarakai da attajirai suna sayar da mutanen da aka kama, Turawa suna saye da bindiga da tufa da taba da giya. Masana tarihi sun ce mutum fiye da miliyan ɗaya aka fitar daga wannan gari. Rabi ta san kowace kalma da faransanci. Amma da ta zo faɗinsu da hausa, sai muryarta ta yi ƙasa.

Daga tsakiyar gari zuwa bakin teku kilomita 4 ne. Masu kabu-kabu suka yi ta kiransu. Kawu ya ce: "Waɗancan da ƙafa suka bi ta, mu ma da ƙafa za mu bi." A hanya jagoran ya nuna musu wurin da "itacen mantuwa" yake a da. Mutanen garin sun ce ana sa maza su kewaya shi sau tara, mata sau bakwai, wai don su manta da garinsu da sunansu. Ya nuna musu inda ake kulle su a ɗaki mai duhu har jirgi ya iso.

Kusa da teku suka ƙetare wani tafki, suka ga mata suna dafa gishiri. Suna tace ƙasa mai gishiri da ruwa, su dafa ruwan har ya ƙafe. Kawu ya ce haka ake yi a Foga, kusa da Gaya.

Sai suka fara jin wani ruri kamar na hadari, alhali babu girgije. Suka hau wani tudun rairayi, sai ga teku. Rabi ta tsaya cik. Ruwa ne har iyakar ganin ido, babu ƙetare. Raƙuman ruwa suna tasowa, su faɗi da farin kumfa, su koma. Itatuwan kwakwa sun jeru a gaɓa. Masunta sun kama doguwar igiya, suna jan taru tare da waƙa. Rabi ta ɗanɗana ruwan, ta tofar, don gishirinsa ya fi na miya.

Ta so ta shiga har gwiwa. Wani tsohon masunci ya ɗaga mata hannu. Tekun wannan gaɓa yana da ƙarfi, yana jan ƙafar mutum zuwa ciki, har gwanin iyo yana tsoronsa. Saboda haka manyan jiragen da ba su matsowa. Can nesa suke tsayawa, a kai musu bayi a kwale-kwale.

A kan rairayin akwai wata babbar ƙofa, ba ta da katanga, ba ta da ƙyaure. An gina ta a 1995 da taimakon UNESCO. A samanta an zana mutane ɗaure da sarƙa, sun nufi ruwa. Rabi ta karanta sunanta, ta fassara wa Kawu: "Ƙofar da in an fita ba a komowa."

Jagoran ya tambaye su daga ina suke. Da ya ji Hausawa ne, sai ya ce akwai danginsu cikin waɗanda suka tafi. Gaskiya ya faɗa. A yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 an kama mutane da yawa a ƙasar Hausa. An sayar da wasu kudu, hannu zuwa hannu, har gaɓar teku, aka kai su Bahiya a ƙasar Barazil. Can ba su manta ba. A 1807 Hausawan Bahiya suka shirya tawaye. A 1835 bayi musulmi suka sake tashi, kuma an sami takardu da rubutun larabci a jikinsu. Daga baya wasu ƴantattun bayi sun komo Wida. Irin gininsu ne waɗancan gidaje masu bene.

Kawu ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce: "Shekara ashirin ina zuwa ƙasar nan, albasa kawai na sani. Ashe hanyar da muka biyo, wasu ɗaure suka biyo ta." Ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a, Rabi ta shafa.

Da aka koma makaranta, Rabi ta zo da ƙwaryar kwakwa da kwalbar ruwan teku. Ƴan ajinsu suka ɗanɗana ɗaya bayan ɗaya, suna yamutsa fuska. Wani yaro ya ce ai bauta abin Turawa ne. Malam ya ce a'a, mai saye ba ya saye sai da mai sayarwa, kuma a ƙasar nan ma an yi bauta. A 2003 ne Nijar ta yi dokar da ke hukunta duk wanda ya bautar da mutum. Sannan ya ce Rabi ta nuna musu Wida a taswira. Ta sa yatsa a kan Galmi, ta bi hanya sannu-sannu har bakin shuɗin, yara suna faɗin sunayen garuruwa tare da ita.