Tsohon Labari Da Sabuwar Riga

Labari kamar baƙo ya ke. In ya sauka wani gari, masu masauki su kan ba shi ruwa, su ɗinka masa riga irin tasu, har ya zama ɗan gari. Kafin a ƙago injin buga littattafai, marubuta su ne masu masaukin labari, su ne kuma maɗinkan rigarsa.

A ƙasar Faransa, shekaru fiye da ɗari takwas da suka wuce, sarakuna da fadawansu suna sha'awar labarun mazan jiya na Yunanawa da Rumawa, amma yawancinsu ba su jin harshen Latin da labarun ke ciki. Sai mawaƙa suka juya musu da Faransanci. Wajen shekara ta 1165 wani malami, Benoit de Sainte-Maure, ya tsara yaƙin birnin Tiroyi cikin waƙa mai layi fiye da 30,000. Waɗansu kuma suka tsara labarin Iskandari, Sarkin Makidoniya, wanda ya mutu shekara 323 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Waɗansu malamai sun ce shi ne Zulƙarnainin da ke cikin Suratul Kahfi, waɗansu sun ce ba shi ba ne.

A bisa fatar maraƙi ko ta tunkiya a ke rubutun, bayan an kankare ta ta yi santsi. In marubuci ya gama, sai mai zane ya karɓa, ya manna zinariya, ya sa shuɗi wanda a ke niƙawa daga wani dutse na ƙasar Afganistan. Akwai wani littafin Iskandari a birnin Oxford na Ingila, wanda aka ƙare rubutunsa a 1338, amma zanensa bai kammala ba sai 1344. Abin lura shi ne, masu zanen nan ba su ba jaruman tufafin Yunanawa ba. Sulke da kwalkwali irin na barden Faransa suka sa musu. Watau da a Zazzau aka zana Iskandari, da an gan shi bisa doki mai lifidi, 'yan bindiga na gaba, masu algaita na biye.

A ƙasar Hausa ma marubuta sun yi irin wannan aiki, sai dai kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ba su zana surar mutum ba, zayyana suka yi. Takardarsu daga Italiya fatake ke kawo ta ta hanyar Tarabulus, in an ɗaga ta ga rana a ga tambarin jinjirin wata uku. Da baƙar tawada a ke rubuta baƙaƙe, da ja a ke yin wasali, a ɗiga rawaya wurin hamza. A gefen Alƙur'ani su kan yi da'ira mai ado a kan kowane hizbi, da nusufi, da rubu'i, da sumuni. Ban da Alƙur'ani sun kwafi Ishiriniya, da waƙoƙin Larabawan Jahiliyya, da Maƙama ta Hariri, mutumin Basra wanda ya rasu a 1122, mai labaru hamsin na wayon Abu Zaidi. Maƙamar nan wani mai zane ya yi mata hotuna a 1237, littafin yana Paris yanzu. A 1934 kuwa aka buga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya ɗebo daga cikinta, ya sa wa wayon Abu Zaidi rigar Hausa.

Amma littafin hannu na ƙasar Hausa yana da wani rauni: ba a ɗinke shi. Warƙa warƙa ya ke, a ƙasan shafi an rubuta kalmar farko ta shafin da ke biye, don kada a ruɗe. Tadarishi da gafaka su kaɗai ke riƙe da shi.

Wani dattijo a wani ƙauye na ƙasar Kudan manomin rake ne, marubuci kuma. Da damina yana gona, in an yi girbi sai ya fere alƙalaminsa, ya zauna a zaure daga hantsi har azahar. Da ya rasu ya bar gafaka uku. Babban ɗansa, mai kai mazarƙwaila kasuwar Maƙarfi, ya ce a raba takardun kashi kashi, kowane magaji ya sami albarkar mahaifi. Ƙanensa, wanda ke zaune a Ikara, ya yi karatun allo, ya kuma shiga ajin yaƙi da jahilci da girmansa. Ya zauna ya bi kalmomin ƙasan shafi, ya ga in an raba, farkon labari zai tafi wani gari, ƙarshensa wani gari.

Ya ce, "Yaya, a yi haƙuri. Gona in an raba ta, kowane kashi ya kan ba da hatsi. Littafi kuwa in an raba shi, ba wanda ya sami littafi."

Wan ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, ƙanena, wa zai riƙe?"

Suka kai maganar gaban baffansu. Ya ce a yi wa littattafan kuɗi, wanda ya ɗauka a cire daga rabonsa, amma da sharaɗi kada ya hana kowa dubawa. Ƙanen ya ɗauka, ya rasa wani yanki na fadama saboda haka. Ya sami littafin rubutu, ya jera sunan kowane littafi da yawan warƙoƙinsa. Gafaka biyu sun tsira. Ta uku kuwa, da aka buɗe, aka tarar gara ta riga ta cinye tsakiyarta, gama a ƙasa aka jingine ta jikin bango.

Littattafan Faransa sun kai yau domin an ɗinke su, an kuma sami masu ajiya. A Arewa ma akwai wuraren ajiya, kamar Gidan Arewa na Kaduna, wanda aka kafa a 1970, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Amma kundi da yawa suna nan cikin ɗakunan mutane. Mai irin wannan gado ya rataye gafaka nesa da ƙasa da yoyon ɗaki, ya riƙa buɗe ta yana kaɗe ƙura, kada ya cire ko warƙa guda. In bai iya karanta abin da ke ciki ba, ya kai wa malami ya karanta masa, shi kuwa ya rubuta sunan littafin da boko, domin 'ya'yansa su san abin da kakansu ya bari.