Garejin da ake kwance jirgin sama

Tafiyar kamar awa ɗaya da rabi muka yi a mota daga birnin Columbus na jihar Ohayo a Amurka, cikin gonakin masara, kafin mu isa Coshocton. Ƙaramin gari ne. A filin jirginsa da ke kan tudu akwai garejin MMS Aviation, ƙungiyar Kirista da aka kafa a 1975 don gyaran ƙananan jiragen da ke kai likitoci, majinyata, magani da masu wa'azi ƙauyukan da hanyar mota ba ta kaiwa. Ba su karɓar kuɗin aiki, mai jirgi kuɗin kayan gyara kawai yake biya.

Da shigarmu muka ga wani Cessna 206, mai kujeru shida, an cire masa fukafukai, injin yana gefe. Kai ka ce ba zai sake tashi ba.

Irin wannan jirgi akan yi masa kwaskwarima don saukar daji. Ana sa masa manyan tayoyi saboda filin ƙasa mai tsakuwa ko laka. Ana ɗaura masa akwatin kaya a ƙarƙashin ciki. Ana gyara gaban fukafukan yadda zai iya tashi da sauka a gajeren fili. Amma fa kowane ƙari nauyi ne, don haka dole a sake auna jirgin a lissafa inda nauyinsa ya daidaita. Idan ya yi baya da yawa, hancin jirgin zai ɗaga sama, matuƙi ya kasa sarrafa shi. Masu gudun darasin lissafi, ga inda yake jiranku.

Abin da ya fi tsaya mana a rai wata 'yar siririyar waya ce. Bayan an ɗaure noti da sifana mai auna ƙarfi, sai a zura wayar ta cikinsa a murɗe, don kada girgizar inji ta kwance shi. Wani makanike dabam kuma ya zo ya duba, a rubuta, a sa hannu. Mota in ta lalace sai a faka gefen titi. Jirgi ɗauke da mace mai naƙuda ba shi da gefen titi.

Masu koyon aiki a nan sukan yi wata 30 kafin su zauna jarrabawar lasisin hukumar jiragen sama ta Amurka. Ana bitar takardu, amma yawancin koyon da hannu ne, a jikin jirgin da mutane za su hau.

Muna fitowa sai muka tuna da Galmi, garin albasa a Nijar. Asibitin mishan da ke can tun 1950 yana da filin saukarsa, kuma ƙananan jirage irin waɗannan ne ke sauka daga Yamai.